Yadda Ake Kai Yaro Jami'ar Harvard Ta Garken Awaki

Duk magidancin da kuɗin makaranta da na yunifom da taron iyaye da malamai suka ishe shi, Amurkawa sun samo masa mafita. Ya kwashi iyalinsa ya koma gona, ya naɗa kansa hedimasta, uwargida ta zama malamar aji, awaki su riƙe sashen kimiyya. Tun 1993 karantar da yara a gida ya halatta a duk jihohi 50 na ƙasar. A 2020 kuwa, da korona ta rufe makarantu, hukumar ƙidaya ta ce gidajen da ke yin haka sun tashi daga kusan kashi 5 cikin ɗari zuwa 11.

Kafin ya sayi ko da kaza, ya duba inda zai kafa bukkarsa. A Teksas ba sai ya sanar da kowa ba, muddin yana koyar da karatu da rubutu da lissafi da zama ɗan ƙasa nagari. A Niyok kuwa sai ya miƙa tsarin karatun shekara, ya kai rahoto sau huɗu, ya nuna cewa ɗan firamare ya yi awa 900 yana ɗaukar darasi. Mai dabara shi ne wanda ya iya rubuta sharar turke a matsayin darasin kimiyyar noma ba tare da ya yi dariya ba. Jamus kam kada ma ya fara. Iyalin Romeike, Jamusawa masu karantar da 'ya'yansu a gida, tarar hukuma ta ishe su, a 2008 suka tattara ya-nasu-ya-nasu suka gudu Tenesi neman mafaka, suka shekara da shekaru suna safa da marwa a kotunan Amurka.

Sai batun awaki. A 1973 David Colfax da matarsa Micki suka koma wani tsauni kusa da Boonville a arewacin Kalifoniya, babu lantarki, babu waya. Su da yaransu suka sare daji, suka gina gida, suka shiga kiwon awakin tatsa. A 1983 babban ɗansu Grant ya samu gurbi a Harvard, daga baya ƙannensa biyu suka bi sahu. Jaridu suka yi ta yayata ɗan kiwon da ya shiga jami'ar manya, har wasu suka ɗauka albarkar nonon akuya ce. Grant ya zama likita, ya kuma jagoranci ofishin yaƙi da ƙanjamau na Fadar White House a zamanin Obama.

Akwai ɗan ƙaramin sharaɗi da masu ba da labarin kan tsallake. Malam David farfesa ne na ilimin zamantakewa kafin ya hau tsaunin, Micki kuma malamar Turanci ce, gidan kuma maƙare yake da littattafai. Saboda haka mai son bin wannan hanya ya fara da zama farfesa, ya auri malama, sannan ya tafi kasuwar awaki. In ya juya tsarin, abin da zai samu shi ne makiyayi ƙwararre, wanda ba laifi ba ne, amma ba shi ya je nema ba.

Darasin lissafi ya bar wa ƙungiyar 4-H, wadda ta haura shekara ɗari tana horar da yaran karkara. Za a ba yaro ɗan maraƙi da littafin rubuta ko sisi nawa ya tafi a dusa da magani. Wata da watanni yana jan sa da igiya yana koya masa tsayuwa. Ranar bajekolin gunduma ya yi masa wanka da sabulu, ya busar masa da gashi da na'ura, ya taje shi tas, ya zagaya da shi gaban alƙali yana sosa masa ciki da sanda don ya natsu. Daga nan a buga gwanjo, motar mahauta na jira a bayan rumfa. Yaron zai sha kuka har da majina, amma ba zai sake manta bambancin uwar kuɗi da riba ba.

Wasanni ne inda gizo ke saƙa. Gudu da tsalle suna nan a wadace: bin maraƙin da ya tsinke, ɗaga damin ciyawa, hawan doki, iyo a tafki. Amma mutum goma sha ɗaya ake so a fili, gidan kuma yara biyar ne, sai in za a sa raƙuman maƙwabta. Iyayen Tim Tebow, waɗanda suka karantar da 'ya'yansu biyar a gonarsu kusa da Jacksonville, sun taki sa'a, domin a 1996 jihar Filorida ta ba irin waɗannan yara damar buga wa makarantun gwamnati wasa. Da Tim ya so buga wa sakandaren Nease zari-rugar Amurka, sai shi da mahaifiyarsa suka kama haya a yankin makarantar don ya cancanta. A 2007 ya lashe kambun Heisman na gwarzon ɗan wasan jami'o'i. Hedimasta ya lura: ɗan gonan nan sai da ya bar gonar kafin duniya ta san shi.

Wuri ɗaya ne babu raha. Dokar Amurka ba ta sa wa yaro iyakar shekaru ba in a gonar iyayensa yake aiki, kuma tarakta da babur mai ƙafa huɗu suna cikin manyan abubuwan da ke kashe yara a gonakin ƙasar. Makullin ya zauna a aljihun hedimasta.

Manomin Bichi ko na Dakwaro da ya ji wannan duka zai ce ai su sun daɗe suna yi, har da langa da kokawa a dandali bayan girbi, ba wanda ya zo ɗaukar hoto. Gaskiyarsa, sai dai nasa yaran a takardun hukuma suna cikin waɗanda ba sa zuwa makaranta, kuma a Najeriya dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta shekara tara na karatu. Uban da ya ƙi, karon farko gargaɗi ne, karo na biyu tarar naira 2,000 ko wata ɗaya a gidan yari. Sabon hedimasta ya tanadi kuɗin tun yanzu, zakara ɗaya ya biya har da canji.