Katin Shawara a Magama

Wani ɗan aiki ne ya kai gogan naku, wato mai wannan shafi, birnin Katsina a tsakiyar watan Maris na 2024. Hunturu ya tattara nasa ya nasa, bazara ta fara huro wuta, azumi ko mako bai cika ba. Aikin bai taka kara ya karya ba, sai gogan ya ga ai asara ce mutum ya zo har ta Dikko ya ƙare a ɗakin otal yana kallon fanka. Ya yagi takarda ya tsara yawo: kullum a fita bayan asuba, a dawo kafin a sha ruwa. Hasumiyar Gobarau tana cikin gari, wannan ko da ƙafa. Rijiyar Kusugu a Daura, rana guda. Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani, inda tsofaffin kaburburan sarakuna suke, wata ranar. Can ƙasan takarda ya rubuta da manyan baƙaƙe, har da ja masa layi biyu: Tafkin Madarunfa.

Madarunfa fa a Nijar take, kudu da Maraɗi, kuma ana cewa waliyyai 99 ne ke kwance kewaye da tafkinta. Abin da ya ɗebe wa gogan hankali labarai ne. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023 iyaka ke garƙame, sai ga shi ranar Laraba 13 ga Maris Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a buɗe. Gogan ya ji wannan a rediyo, ya kashe rediyon don murna, shi ya sa bai ji sauran bayanin ba. A lissafinsa, daga Katsina zuwa Maraɗi bai cika kilomita 100 ba. A bi ta Jibiya, a tsallaka a Magama, a gaisa da na Ɗan Isa, azahar ta same shi yana kallon masunta. Har ya tanadi abin da zai faɗa wa abokai: cewa ya je ya gano sauran Katsina, tun da sarautar da aka kora daga birni lokacin jihadi ce ta kafa Maraɗi, kuma har gobe Sarkin Katsinan Maraɗi ake kiran mai garin.

Hanyar ba sai an tsaya a kanta ba. Ranar Lahadi ce, ranar kasuwar Jibiya, mutum biyu a kujerar gaba, shinge bayan shinge, direba kuma yana ta nanata cewa duk wanda la'asar ta yi wa bai dawo tasha ba, ya nemi wurin kwana, don hanyar nan ba a wasa da ita da yamma.

Magama da hantsi ta cika da manyan motoci a jere, wasu an shanya wanki a jikinsu, yaran mota suna kwance a ƙarƙashi. Mai hankali da ya ga mota da igiyar shanya zai tambayi kansa tun yaushe take nan. Gogan bai tambaya ba. Ya gyara zaman hularsa, ya karkaɗe shaddarsa, ya rungumi jakar takardu, ya doshi wani jami'i da ke zaune a inuwa, wanda ke da ƙatuwar rajista a gabansa da taron jama'a a gefensa. Jami'in ya ɗago zai yi magana. Gogan ya tare shi da murmushi irin na wanda ya saba hawa jirgi.

"Yallaɓai, kada ka wahalar da kanka. Komai nawa a cike yake."

Ya ajiye fasfo. Ya sake zura hannu ya zaro katin rigakafin shawara, wanda ba a son matafiyi ya tsallaka ƙasa babu shi, yana cikin 'yar leda ruwan ɗorawa da uwargida ta saka shi. Bai miƙa shi a hankali ba. Buga shi ya yi a kan tebur, har da ɗan tura shi gaba da yatsa biyu. Wannan turawa da yatsa biyun ita ce ke hana shi barci har yanzu.

Jami'in ya zare katin daga leda, ya buɗe, ya duba. Ya ɗago ya dubi gogan tun daga hula har takalmi, ya tsaya kaɗan a daidai tumbi, ya koma kan katin. Sannan ya gyara murya, irin gyaran muryar da ke sa mai sayar da rake ya ajiye wuƙa.

"Alhaji, wannan naka ne?"

"Nawa ne, yallaɓai. Da kaina na je aka yi mini."

"Da kanka ka je."

"Da ƙafata."

"To, madalla. An rubuta a nan nauyinka kilo uku da ɗigo biyu."

Wani yaron mota ya fito daga ƙarƙashin tirela. Jami'in bai yi dariya ba, kuma da ya yi da abin ya zo da sauƙi. Ya sa yatsa yana bin layi ɗaya bayan ɗaya, yana karantawa a tsanake. An ɗiga maka na shan-inna. An yi maka na tarin fuka a dantse. An yi na ƙyanda. Ya juya shafi, ya ga zanen nan mai hawa da ma'aikatan asibiti ke ɗiɗɗiga wa alama duk wata, ya gyaɗa kai ya ce girma dai yana tafiya yadda ake so. Sai ya zo kan layin da ya gama da gogan, ya karanta shi da ƙarfi don na baya su amfana:

"Abinci: nonon uwa zalla."

Akwai wani shiru da ke zuwa kafin taro ya fashe da dariya. A cikinsa gogan ya ji kukan akuya daga can wajen kasuwa, ya ji zufa ta taso daga ƙeya ta gangara ta bi tsakiyar baya, ya kuma tuna sarai cewa leda ruwan ɗorawa guda biyu ce a cikin durowar gida. Hannunsa na nan a kan tebur, yatsu biyun ba su ma koma ba. Abin da bakinsa ya iya furtawa, a gaban 'yan canji da 'yan acaɓa da wata mai tallan goro, shi ne: "An yaye shi ai." Ya kare mutuncin yaron, nasa kuwa ya bi ruwa. Mai goro sai da ta sauke farantinta ƙasa don kada ya kife.

Da ƙura ta lafa, jami'in ya share hawaye ya faɗi abin da ya so faɗa tun farko. Najeriya ce ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ba ta buɗe ba. Ko da katin gaske ne, ko da goma ne, iyakar tafiyar ke nan. Haka kuwa abin ya kasance, sai ranar Juma'a 22 ga wata hukumomin Yamai suka buɗe nasu.

A nan ne Baba ya shigo maganar. Wani dattijo ne a kan benci, da carbi da rediyo mai eriya, wanda ga alama ba ya sayar da komai, ba ya jiran kowa, zaman iyaka kawai yake yi kamar yadda wasu ke zaman majalisa. Ya yafito gogan, ya karɓi katin, ya riƙe shi a juye, ya ce a nuna masa inda aka rubuta shawara. Aka nuna masa, don gaskiya tana ciki: a wata tara ake yi wa jarirai ita tare da ta ƙyanda.

"To, mi ar rigima?" in ji Baba. "Yaron ga ba ɗanka ba ne?"

"Ɗana ne, Baba."

"An yi mai allura?"

"An yi."

"To, jini guda ne. Abin da ya shiga jikin ɗa, uba ya hwara shiga. Koma ka hwaɗa mai haka."

Gogan ya ce ai ko an yarda, can ɗin a rufe yake. Baba bai ga wannan a matsayin matsala ba. Ya ce in dai ganin Nijar ne, ga tirela can mai lodin buhuna, a ba yaron mota wani abu a hau sama, duk abin da aka hango daga arewa Nijar ne, kuma shi da ya sha zuwa yana tabbatar da cewa geza da ƙaya ne, irin na nan. A wannan kam ba a kama shi da ƙarya ba, don layin da Turawan Ingila da na Faransa suka shata tsakanin 1906 da 1908 bai raba ko irin ciyawa ba, kuma kogin da aka datse a madatsar Jibiya shi ne dai ke gangarawa ya zama Gulbin Maraɗi. Da Baba ya ji wannan sai ya ɗora a kai: ashe ma an huta, a je dam a tsaya a bakin ruwa a yi wa waliyyai sallama, ruwan zai kai saƙo. Aka tuna masa cewa rani ne, gulbi ya ƙafe. Ya ce saƙon ya jira damina, waliyyai ba sa gaggawa.

Shawararsa ta ƙarshe ita ce ta fi nauyi. Ya ce Alhaji ya yi haƙuri ya jira jirgin ƙasa. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi yake nufi, mai kilomita 284, wanda Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikinsa a watan Fabrairun 2021, kuma ta Jibiya zai ratsa. Baba ya ce in an gama, yaron ya isa tafiya da kansa, sai ya riƙe katinsa, uban ya biyo shi a matsayin ɗan rakiya.

Ana cikin haka waya ta yi ƙara. Uwargida ce, murya a sama, ga kukan yara a bayanta. Ba ma ranar asibiti ba ce, tana haɗa jaka ne don gobe za ta kai yaro allurar ƙyanda ta biyu, ta wata goma sha biyar, ta buɗe leda ta tarar da katin wani ƙato mai lambar fasfo. Me za ta nuna wa malamar asibiti?

Wayar a buɗe take, kowa ya ji. Baba ya miƙo hannu.

"Ba ni ita nan, Alhaji. Hajiya, ina wuni? Yaron ga ba ɗanshi ba ne?"