Atamfar Uwargida

Ina da wata cuta da ba a sayar da maganinta a kemis: bakina ba ya iya furta "ban sani ba". Gara in yi awa guda ina bulayi cikin unguwa da in tsayar da yaro in tambaye shi hanya. Halin nan ya sha ja mini asara a ɓoye, amma bai taɓa maka ni da ƙasa a gaban jama'a ba sai a Magamar Jibia, cikin watan Agustan 2023.

Kowa ya tuna lokacin. Sojoji sun kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Yamai ranar 26 ga Yuli, ECOWAS ta sa takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka. Ni kuwa na biyo tirelar wani ɗan'uwana za mu kai kaya Maraɗi, wai in sa ido a kan lissafi tunda ni ne ɗan bokon gidan. Muka iso Magama muka tarar da motoci jere kamar an shuka su. Ga garin Ɗan Isa can gaba kaɗan, amma ba hanya. Direbanmu ya ce kwana biyu ne a buɗe, muka gyara zama.

Damina ce tsakiyarta. Ƙarƙashin mota ne ɗakin kwana, tabarma kuma ba ta bushewa. Sauro ya yi sallama ta sama, cinnaka ta ƙasa. A dare na biyu na lura da yaron motar da ke bayanmu, wanda bai wuce shekara goma sha bakwai ba, ya ɗaure wani ƙyalle tsakanin ƙarafa biyu na bodin motarsu, ya haye yana ta minshari, ruwa na gudu ta ƙarƙashinsa bai san ana yi ba. Gadon lilo ke nan. Kakana amuku yake ce masa.

Mai hankali zai jira gari ya waye, ya saya wa yaron nan shayi da burodi, ya ce nuna mini. Ni sai na tara direbobi a teburin mai shayi na yi musu lacca. Na gaya musu cewa Kolumbus ya tarar da mutanen tsibiran Amurka suna kwana a irin wannan gado tun 1492, daga nan matuƙan jiragen ruwan Turai suka ɗauka. Suka jinjina kai. Wani ya ce, "Malam ai ilimi ya zauna." Daga wannan yabon ƙofar tambaya ta rufe, ta fi iyakar rufuwa.

Ran Lahadi, ranar da kasuwar Jibia ke ci, na shiga layin masu atamfa. Mai shagon ya ce, "Alhaji, ta amarya ce ko ta uwargida?" A nan ya kamata in ce ta ƙuguna ce, a ba ni wadda za ta ɗauki ƙato mai tumbi. Amma yaya dattijo da hula zai ce ya zo sayen zanen da zai yi lilo? Na gyara murya na ce ta uwargida ce. Shi kuwa bawan Allah ya yi mini adalci daidai da ƙaryata: ya zaro mai laushi, mai furanni ruwan goro, ya ce wannan ko gidan biki ta shiga sai an tambaye ta inda ta samo. Na biya, har da godiya.

Turmi yadi shida ne, amma faɗin atamfa bai isa mutum ya kwanta ya juya ba. Sai na yi dabara irin ta masu ilimi. Na sa tela ya raba shi uku-uku, ya haɗa su gefe da gefe. Tela ya ɗago kai ya dube ni, ya buɗe baki, na riga shi da cewa, "Ɗinka kawai." Abin da ya so ya faɗa shi ne ɗinkin ya bi ta tsakiya, daidai inda gadon bayana zai sauka, kuma ramukan allura a jere jikin auduga mai laushi ba su da maraba da layin da ake yage rasit. Wannan bayanin na same shi da misalin ƙarfe biyu na dare. Ƙyaaat! Na ratsa ta tsakiyar atamfar uwargida na dira cikin taɓo, ƙafafuna suna sama. Direbanmu ya leƙo daga kan mota da tocila ya ce, "Malam, Kolumbus ɗin ma haka ya fara?"

Washegari na yanke hukunci cewa laifin araha ne. A jakata akwai shadda yadi biyar da na sayo a Kantin Kwari, tsarabar wani abokina a Maraɗi. Tana da faɗi, tana da ƙarfi, ba sai an haɗa ba. Na tattara bakinta na ɗaure da igiyar roba, na haye ina ƙamshin sabuwar shadda kamar ango. Abin da ke sa shadda tsada shi ne sheƙi da santsi, kuma santsin nan bai san igiya ba. A hankali ta riƙa zamewa daga ƙullin, ta wajen kai. Wannan karon da ƙeya na sauka.

Na uku tamfol ne, ragowar na rufin kaya. Shi kam bai yage ba, bai zame ba, sai dai ba ya numfashi. Kafin tsakar dare na jiƙe da gumi, da ruwa ya sauko kuma ya biyo igiya ya taru a ƙarƙashina. Na farka da asuba kamar geron da aka jiƙa za a yi kunu.

Yaron nan duk yana kallo. Da safe ya zo ya tsuguna ya gaishe ni, ya ce, "Baba, in ba za ka ji haushi ba, zo ka ga nawa." Ko a lokacin sai da na ce dama ina shirin zuwa in duba masa ko ya ɗaura daidai.

Nasa yadin laima ne da ya tsinta a wajen 'yan gwanjo, marar nauyi, za ka dunƙule shi ya shige aljihun jaka. Ya ɗaga shi saitin rana ya nuna mini wasu ƙananan gidaje kamar na dara a cikin saƙar, ya ce zare mai kauri ne aka ratsa, ko ƙusa ta huda shi yagewar ba ta wuce gida ɗaya ko biyu. In babu irinsa, in ji shi, kaki mai kauri ma yana yi, ya fi shan iska, sai dai nauyi da jinkirin bushewa. Sharaɗin dai falle ɗaya ne, ba haɗi a tsakiya, tsawo kamar mita uku, faɗi mita ɗaya da rabi. A naɗe bakin kowane gefe a bi shi da ɗinki sahu uku, a zura igiya ta cikin naɗin, ba a ɗaure ta a waje ba. Ya nuna mini wani ɗan tsumma da ya ƙulla a jikin igiya, ruwa in ya biyo sai ya ɗige a nan. Kwanciya kuma a karkace ake yi, ba a miƙe ba, don kada baya ya lanƙwashe kamar ayaba. Sannan ya sunkuyar da kai ya ƙara da cewa, "Kuma Baba, ran farko daidai gwiwa ake ratayewa, saboda faɗuwa." Duk karatun bai kai shan kofin shayi ba.

Tun daga ranar nake lura da 'yan'uwana a wannan cuta, kuma muna da yawa. Mu ne masu gyaɗa wa bakanike kai alhali ba mu san abin da ya cire ba. Mu ne masu ce wa likita "na gane" mu fito mu tambayi mai gadi. In mun shiga kasuwar yadi, tambayarmu ɗaya ce, ko zai yi kyau a idon mutane. Nauyin da zai ɗauka kuwa sai dare ya yi.

Kwananmu goma sha ɗaya muka haƙura muka juyo da kaya Kano, iyakar ba ta buɗe ba sai Maris na 2024. Ina shiga gida, ko ruwa ban sha ba, uwargida ta tare ni da fara'ar da na daɗe ban gani ba. Ashe direba ya buga waya gida tun ran Lahadin, ya ba da rabin labari.

"Maigida, an ce ka sayo mini atamfa a Jibia. Ina take?"

Sai da na sayi wani turmin. Waccan mai furanni ruwan goro tana nan rataye a ƙofar kicin ɗinmu a matsayin labule, kuma duk baƙon da ya tambayi abin da ya yaga ta, gare ni ake turo shi.