Jaje ga Taubashina na Safana

Taubashi, ina yi maka jaje. Labari ya iso mu Batsari tun kafin motar Runka ta gama sauke fasinja, wai ɗan kwikwiyon nan da ka sayo, wanda ka raɗa wa suna Janar, ya diro daga kan kushin, yanzu da ƙafa uku yake rangadi a tsakar gida. Gwaggo ce ta tabbatar min ta waya, tana dariya har da tari. Ta ce kukan da ka yi ya fi na karen.

Kai da kushin kwana nawa ne? Mu da muka san ka a kan buzun kaka, yau har ka samu kujerar da za ka ɗora kare. Karnukan da iyayenmu suka shiga Dajin Rugu farauta da su, a ƙarƙashin rumbu aka haife su. Karya ta tona raminta a inuwa, 'ya'yan su yi ta birgima a turɓaya, abin da ya fi tsawo da suka taɓa hawa shi ne bayan uwarsu. Malamai sun yarda a riƙe kare don farauta da kiwo da tsaron gona. Na saurari karatu da dama, ban ji inda aka ambaci zaman falo ba.

Ban ga laifinka ba da ka nemi kare. Duk mai kwana a yankinmu ya san darajar haushi da tsakar dare a shekarun nan. Sai dai mai gadin da ka gurgunta tun yana wata 3, wa zai kora?

Zauna in karantar da kai, tunda abin ya zama gadona. Ka san guringuntsin nan da kake tsinta a ƙarshen ƙashin ɗan akuya, kana gurgura har ka manta da mutane? To irinsa ne a kusa da ƙarshen kowane dogon ƙashi na kwikwiyo, kuma daga nan ƙashin yake ƙara tsawo. Ba ya gama ƙwari sai kare ya kai wajen shekara guda, manyan karnukan Turawa irin naka kuwa har wata 18 sukan kai. Kafin lokacin, nan ne wurin da ya fi rauni a duk ƙafar. Kwikwiyo kuma in zai diro, da ƙafafun gaba yake sauka, ga kai ya yi mashi nauyi, sai duk nauyin jiki ya taru a gwiwar gaba. Can ne yakan tsage. In wurin tsiron ya lalace, ƙafar tana iya tasowa a karkace ko ta fi 'yar'uwarta gajarta, ya rayu da ɗingishi. Kushin ɗin da kake gani ba komai ba ya ninka tsayin Janar, kamar a ce kai ka diro daga kan katangar gidanku. Ga tayil ɗin da ka shimfiɗa don mu gani mu yaba, santsinsa ko akuya ba ta iya tsayawa.

Maganin bai kai kuɗin buhun masara ba. Ka bar shi a ƙasa, ka ja ƙofar falo. In ka ɗauke shi, hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirji, ɗaya ya tallafi gindi, kuma ka sauke shi har ƙafafunsa su taɓa ƙasa kafin ka saki. Yaran gidanka, da suka gado rawar kanka, su zauna a tabarma in za su riƙe shi, don daga hannun yaro ma kwikwiyo kan suɓuce. In ka nace sai ya hau kujera, jefa tsohuwar katifa a gabanta.

Yanzu da aikin gama ya gama, kada ka ɓare mashi ibuprofen ɗin da kake sha don ciwon baya. Yana cin cikin kare, yana lalata mashi ƙoda. Na kuma ji kana neman maɗori. Bar bawan Allah ya ji da mutane. Sa Janar a kwali ya daina zirga-zirga, ka kai shi wurin likitan dabbobi, tunda ba ya taka ƙafar. Da ka je, ka tambayi allurar haukan kare, wata 3 ya isa a yi mashi.

An ce karen bana shi ke maganin zomon bana. Zomayen Safana dai na ji sun fara biki.

Amma Gwaggo ta tuna min abin da ya sa na sassauta wa karen. Ta ce gado ya yi. Shekarar da muka je Ruma da jakin kaka, wa ya ce a bar mashi linzami, jaki yana tsaye cik ya faɗo ta baya? Wata guda kana jan ƙafa, kana cewa ƙaya ce ta soke ka.

In ya warke ka kawo shi Batsari, mu ba ka rogo, shi mu nuna mashi ƙarƙashin rumbu. Kuɗin likita kuma kada ka sa min shi a lissafin kuɗin shara.