Bishiyar da ta ƙi kaucewa

A gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai, mun wuce ƙasusuwan dabbobin zamanin da, sai ga wani busasshen icce a cikin shinge, ana tattalinsa kamar basarake. Bishiyar Tenere ce. Ita kaɗai ta tsaya a tsakiyar hamada, sai ka yi tafiya mai nisan gaske kafin ka ga 'yar'uwarta. Duk faɗin wannan fili, a 1973 wani direban babbar mota ya lalubo ta ya banke.

Kawuna, tsohon direba, ya daɗe yana kallonta. Can ya ce, "Kai yaro, daina dariya. Ai ita ma ta hango shi tun daga nesa, ba ta kauce ba."