Tafi-da-Gidanka, Amma Yana Fake

Ba'amurke yana da gida mai wuta da ruwan famfo, amma sai ya ci bashin banki ya sayi ƙaramin ɗaki mai taya, ya ɗaura a bayan mota, ya nufi daji don sauro ya cije shi. Wai hutu ke nan. A shekarar 2021, da annobar korona ta sa mutane gudun otal da jirgin sama, masana'antu sun fitar da irin waɗannan ɗakuna da motocin kwana sama da 600,000, akasarinsu daga yankin Elkhart na jihar Indiyana.

Makon farko hotuna ne kawai a Facebook: ga maigida yana gasa nama, ga uwargida a bakin tafki. Ana dawowa ƙungiyar masu gidajen unguwa ta aiko takarda cewa ba a ajiye wannan abu a ƙofar gida. Dole a kama masa hayar fili, ana biya duk wata. Ashe doki aka saya, ko ba a hau ba sai ya ci.

Babbar jarrabawa tana zuwa da hunturu. Ruwa idan ya daskare yakan ƙara girma da kusan kashi 9 cikin ɗari, saboda haka ruwan da aka bari a bututu yana iya fasa shi. Mai hankali yakan zubar da ruwan tankuna kaf, har na bayan gida (wannan aikin ba a ɗaukar hotonsa), sannan ya ɗura ruwan hana daskarewa mai launin hoda, wanda aka yi don bututun ruwan sha. Na injin mota guba ne. Batir a cire a kai gida ana yi masa caji, a rufe tukunyar gas, a bar ƙofar firji a buɗe don kada cikinsa ya yi fumfuna.

Maigida kuwa ya kulle ƙofa ya yi tafiyarsa, ya bar rabin kwalin biskit a ciki. Ɓeraye, waɗanda ramin da bai fi kaurin fensir ba ya ishe su shiga, su ne suka fi kowa morar katifar.

Taya ma tana tsufa a tsaye, rana na tsattsage ta ko ba ta taka titi ba. Lambobi huɗu da ke gefenta suna nuna mako da shekarar da aka yi ta, amma sabon mai ɗaki zanen taya kawai yake dubawa ya ce ai sabuwa ce fil. Rufi kuma ba ya hawa sai ya ga silin ya kumbura.

Wanda ya riga ya saya, ya ɗauki tsani ya duba liƙin rufin kafin ruwan sama ya riga shi. Wanda bai saya ba tukuna, akwai na haya.