Dokin Taubashina da Karensa

Ina da wani taubashi, wanda ba zan ambaci sunansa ba domin kiyaye zumunci, ko da yake haƙƙin taubasantaka ya halatta mini fiye da haka, wanda Allah Ya jarrabe shi da son abu biyu da ba sa haɗuwa, wato birni da ƙauye, har ya ajiye wa kowanne dabbar da za ta wakilce shi idan ya ba da baya. A ƙasar Faskari aka yanke masa cibiya, mahaifiyarsa mutuniyar Sabuwa ce, uwargidansa kuwa daga Ƙanƙara aka ɗauko ta, amma aikin gwamnati ya kai shi Kaduna, inda ya gina gida mai doguwar katanga, ya jera fasassun kwalabe a kanta. A ƙauye ya ɗaure doki, a birni ya ɗaure kare.

Shi dokin akawal ne, ingarma, kuma ba na zargin taubashina da sayensa, domin mutumin da ya tashi a masarautar da Sarki Muhammadu Dikko ya mulka daga 1906 zuwa 1944, ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi har 1981, su biyun kuwa duniya ta shaida ƙaunarsu ga dawaki da wasan folo, da wuya ya sami abin hannu zuciyarsa ba ta raya masa cewa shi ma yana da ɗan kaso a wannan gado ba. Abin da na kasa fahimta shi ne hisabin al'amarin. Dokin nan yana cin gero da dusa da harawa, ana jiƙa masa kanwa, ga yaro da ake biya duk wata domin wanka da kilisa, alhali mai shi ba ya ɗora ƙafa a likkafa sai sau biyu a shekara, Ƙaramar Salla da Babba, shi ma sai an kife masa turmi ya taka, zagage biyu sun riƙe linzami, na uku yana tallafe da ƙugunsa kamar ana ɗora buhun masara a kasuwar Dandume. Sauran kwanakin kuwa ta waya yake hawa. Kowace safiya zai kira yaron barga ya tambayi yadda dokin ya kwana, ko ya ci, ko ya yi haniniya, sa'an nan a ƙarshe, idan kati bai ƙare ba, ya ce a gai da Inna. Cikin dukan babin zakka mas'ala ɗaya ya haddace, ita ce cewa babu zakka a kan doki, kuma yakan kawo ta a majalisa ko ba a tambaye shi ba.

Karen kuwa irin na Turawa ne, mai gashi buzu-buzu, wanda aka sayar masa tare da takardar asali mai ɗauke da sunan uwa da uba da kakanni, abin da shi mai karen ba shi da irinsa. Yana da likita, yana da sabulunsa, shinkafa da nama yake ci, amma duk ranar da malamin taubashina zai zo sai a ja karen bayan gida, a ƙure rediyo. Wata rana dai haushi ya rinjayi rediyo, Malam ya ajiye kofin shayi ya tuna masa cewa, ko da yake a mazhabarmu ta Malikiyya ba a ɗauki kare mai rai najasa ba, Risala ta Ibn Abi Zaid ba ta yarda a ajiye shi a gida ba sai domin gona ko kiwo ko farauta, kuma hadisi ya yi gargaɗin tauyewar lada ƙiraɗi guda kullum, a wata ruwayar ma biyu. Taubashina ya ce, "Allah gafarta Malam, an fahimta." Kafin mako ya zagayo ya sa an ɓalle siminti a gindin katanga, an shuka masara bakwai da kuɓewa uku, ya kira wurin gona, karen kuma daga ranar ya zama karen gona. Na karanta hilolin malaman fiƙihu gwargwadon hali, ban ga wadda ta kai wannan arha ba.

A can ƙauyen akwai wani kare, ja, ramamme, mai yagaggen kunne, wanda ba shi da suna balle takarda, abincinsa ƙanzo, gaisuwarsa jifa, shi ne kuwa mai korar birai daga gona da damina, mai bin mafarauta da rani, mai kwana a farke. Ba wanda ya san darajarsa sai a 2021, lokacin da ta'asar 'yan bindiga ta sa gwamnatin Katsina ta hana cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomin da suka haɗa da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara. Wannan ba abin raha ba ne, kuma waɗanda suka kwana a daji da goyo a baya ba sa bukatar in ba su labari. Sai dai a kwanakin nan haushin ramammen nan shi ne kaɗai wayar da ba ta yanke ba, har aka ga dattijan da suka shekara hamsin suna jifansa suna rage masa loma. An ruwaito cewa shi kansa mai Risala ya ajiye kare sa'ad da tsoro ya yawaita a zamaninsa, da aka tuna masa ra'ayin Imamu Malik sai ya amsa da cewa, da Imam ya riski wannan zamani, zaki zai ɗaure.

Taubashina kuwa, da ya kwana arba'in bai ji haniniya ba, sai ya rame, kuma da hanya ta samu ya sa aka loda dokin a mota, aka bi da shi ta Funtuwa da Zariya har Kaduna. Babu ƙasar kafa turke, sai aka ɗaure shi tsakanin janareto da tankin ruwa. Harawar da ake ba shi kyauta a gidan surukai ta koma abin saye ƙulli-ƙulli, maƙwabta suka kawo ƙarar ƙuda da wari, ban da wata Hajiya da ta gano amfanin kashin ga furanninta, ta janye daga cikin masu ƙara. A dare na uku dokin ya tsinke, ya cinye gonar ƙurmus, masara bakwai da kuɓewa uku, da safe kuwa aka tashi fatawa ta rushe, domin babu karen gona inda babu gona.

Saboda haka aka yi musaya, aka aika da karen ƙauye wurin Inna. Rahoton da ke zuwa ba mai daɗi ba ne: ya ƙi tuwon dawa, zabi sun kore shi har ƙarƙashin rumbu, da an yi sallar isha'i yake kwanciya, ba ya motsi sai ya ji ƙarar kwano, har yaran gari suka laƙaba masa Ma'aikaci, kuma ramammen nan ne ke gadinsa da dare. Yanzu kowace safiya taubashina yakan kira ya tambayi yadda karen ya kwana, sa'an nan ya ce a gai da Inna.

Ranar Juma'ar da ta wuce na tarar da shi gurfane gaban Malam da sabuwar mas'ala, yana neman a duba masa ko doki ɗaya zai iya zama garke, domin in ya zama, karen ya dawo Kaduna a matsayin karen kiwo. Malam ya daɗe yana shafa gemu, sa'an nan ya ce, "Alhaji, a cikin su biyun wane ne zai yi kiwon wani?" Taubashina ya ce zai yi bincike. Da zai raka ni bakin ƙofa ya riƙe hannuna, ya rage murya, ya tambaye ni ko na san mai zuwa Sabuwa cikin makon nan wanda motarsa za ta ɗauki harawa dami goma.