Wasiƙa Zuwa ga Malama Manhaja, Magatakardar Ruwa da Iska

Daga wani dattijo mai fataucin goro, wanda ke kwana a Treichville yana wuni a Adjamé, zuwa ga Malama Manhaja, marubuciyar ruwa da iska da zafin rana, wadda ta sauka a cikin tsohuwar kwamfutar ɗakina: gaisuwa da aminci da girmamawa, da tambayar lafiyarki da ta hadimanki duka, na kan rufi da na cikin ɗaki.

Amma ba'du, ina sanar da ke cewa tun da nake ban taɓa ganin baƙon da ya tsare mai masaukinsa da tambayoyi kafin ya sha ruwa ba sai ke. Ranar da ɗan ƙanena ya shigo da ke, bayan ya kafa ma'aunanki a kan rufi ya jawo igiya daga akwatinki zuwa kwamfuta, ba ki yarda kin rubuta ko harafi ɗaya ba sai da aka faɗa miki inda gidana yake a bayan ƙasa, kuma ba ki karɓi sunan unguwa ko lambar titi ba, alhali Treichville gari ne da Nasara ya jera wa tituna lamba-lamba tun zamanin mulkin mallaka. Ke dai sai daraja 5 da ɗigo 3 arewa, da daraja 4 yamma. Yaron ya gargaɗe ni cewa wanda ya manta ɗan karan da ake sawa a gaban 4 ɗin, don a nuna yamma ake nufi, to kin ɗauke gidansa da iyalinsa kin dasa su a tsakiyar teku kudu da Ikko, kuma ba za ki ce masa uffan ba. Sa'an nan ga rigimar waƙafi da ɗigo, domin kwamfutata irin kwancen Faransa ce da ake sayarwa a kasuwar Adjamé, ta tashi da ɗabi'ar Faransawa ta raba lamba da waƙafi, ke kuwa tarbiyyar Ingilishi gare ki, ba ki san komai ba sai ɗigo. Da aka sasanta wannan, kika ce sai an gaya miki tsayin gidan daga fuskar teku, tambayar da ta ba ni dariya, don mu mutanen tsibirin nan kusan kafaɗa ɗaya muke da tafkin Ebriye. Daga ƙarshe kika buɗe baki da zafi 86 a ma'aunin Amurkawa, har uwargida ta yi salati, kafin a lallashe ki ki ce 30 kamar kowa, ki kuma bar inci ki koma milimita.

Duk wannan na yafe, domin baƙo ba ya rasa al'adar garinsu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne batun isnadinki.

Mu da muka ɗan zauna gaban malamai an hore mu da cewa ba a karɓar labari sai an san wa ya faɗa wa wa. To na bi silsilarki daki-daki, ga kuwa abin da na samu. Ruwa yana sauka cikin mazurari, ya zuba a wani ɗan cokali mai baki biyu. Idan baki ɗaya ya cika sai ya rinjaya ya kife, maganaɗisun da ke jikinsa ya gifta wata 'yar waya, a ƙidaya ɗaya, kuma ɗayan nan a irin na'urata daidai yake da milimita 0.3. Ma'aunin rufi ya aika wa akwatin ɗaki ta iska, akwati ya miƙa wa igiya, igiya ta ba kwamfuta, ke kuma ki zauna kowane minti 5 ki rubuta a kundinki da tsantsar yaƙini, kamar da idonki kika gani. Ke nan tsakaninki da ɗigon ruwa akwai maruwaita biyar, kuma da za a gabatar da su gaban malaman jarahi da ta'adili, ban ga wanda zai fita da rawaninsa a kai ba. Cokalin nan, idan gizo-gizo ya yi saƙa a ƙarƙashinsa, sai ya rantse ba a yi ruwa ba ranar da mata ke kwalfe ɗakuna da bokiti. Idan kuwa iska ta girgiza sandar, ko tantabarun maƙwabcina suka yi majalisa a kanta, sai ya ba da shaidar ruwa a tsakiyar Janairu, ana hazo. Ma'aunin zafi, wanda ƙa'idar masana ta ce a ajiye shi a inuwa mai iska, tsakanin mita 1.25 da mita 2 bisa ciyawa, yana zaune ne bisa kwano, domin mai neman ciyawa a tsakar gidajen hayar Treichville zai daɗe yana nema. Saboda haka da azahar ba zafin Abijan yake ruwaitowa ba, zafin kwano ne. Ma'aunin iska kuma, da aka ce a ɗaga shi mita 10 a fili, benen da ke kudu da mu ya tare masa iskar teku, sai abin da ya kewayo ta lungu. Ma'aunin laima ne kaɗai ban tuhuma ba, don kullum da asuba yana cewa iska ta jiƙe sharkaf, kuma huhun gorona da tsatsar ƙofata sun gaskata shi.

Mafi girman laifi kuwa naki ne, ba na hadimanki ba. Idan wuta ta ɗauke, ko kwamfuta ta yi barcinta na rashin ladabi da tsakar dare, ko batirin rufi ya mutu da gishirin iskar nan, silsila ta yanke ke nan, kuma abin da ya kamaci adali shi ne ya bar gurbin fari ya ce Allahu a'alamu. Akwatin ɗaki yana da ɗan haddarsa, yakan riƙe karatun kusan mako biyu ya biya miki idan kin farka, wannan kuwa na yaba. Amma inda shi ma bai ji komai ba, na tarar kin cike gurbin da sifiri a jimillar wata, kin mai da rashin sani ya zama rashin ruwa. Ya Malama, tsakanin wanda ya ce ban gani ba da wanda ya ce ba a yi ba akwai tafiyar da ta fi ta Abijan zuwa Kano, kuma alƙalin da ya san aikinsa na farkon yakan sallama, na biyun yakan tsare.

Sai batun jama'a, wanda ba ke kika jawo shi ba amma ke za ki taimake ni a kansa. Tun da labari ya bazu a zango cewa Alhaji ya ajiye na'urar ruwa, ban sake shan shayi cikin natsuwa ba: mai tsire yana so ya san ko ya hura wuta, mai atamfa ko ya shimfiɗa haja, direban motar gbaka ko ya bi ta mahaɗar Indénié, har wata hajiya ta aiko a duba mata ranar ɗaurin auren 'yarta. Na gaji da bayanin cewa ke marubuciya ce, ba mai duba ba, kuma saukar da ruwa yana cikin mabuɗan gaibu biyar da ƙarshen suratu Luƙman ya ambata. Amma kina ƙaryata ni da ɗan hoton rana da gajimare da kike liƙawa a kusurwar allo, wanda kike cirowa daga hawa da saukar nauyin iska. Wannan hisabi na ƙasashen sanyi ne, inda guguwa ke aiko da manzo kwana guda kafin ta iso. A nan kusa da tsakiyar duniya nauyin iska yana hawa da hantsi, ya sauka da la'asar, ya sake hawa bayan isha, ya sauka kafin asuba, kullum ta Allah, ko za a yi ruwa ko ba za a yi ba. Don haka kowace la'asar kina yi mana bushara da hadari, kowace hantsi kina janyewa. Kirdadon gobe aikin SODEXAM ne, hukumar da Kodebuwa ta kafa a 1997, mai ma'aunai a filin jirgin Port-Bouët da hotunan tauraron ɗan'adam, kuma su ma da yiwuwa suke magana, ba da rantsuwa ba. Wani almajiri ma ya kawo shawarar a riƙa tambayarki kafin a haɗa Magariba da Isha a daren ruwa, sai liman ya tuna masa cewa malamanmu na Malikiyya sun riga sun ajiye ma'auninsu, wato ruwan da zai sa matsakaicin mutum ya rufe kansa, kuma wannan ba ya bukatar batir.

Kada ki ɗauka korarki zan yi. Mu 'yan arewa mun taso inda ake fita roƙon ruwa da dabbobi da yara, muka zo garin da Yuni kaɗai kan zubar da kusan abin da Maraɗi ke samu a shekara, ga kuma ƙaramar damina a Oktoba da Nuwamba. Kuma duk wanda yake nan a daren 18 ga Yuni, wayewar 19, na 2018, lokacin da ruwa ya ci rayuka kusan ashirin ya kifar da motoci a unguwar Riviera, ya san ruwan garin nan abin rubutawa ne. Ruwan da ya sauka a Abobo da Adjamé yana gangarowa ta kwarin Gourou ya taru a mahaɗar Indénié, sau da yawa alhali Treichville ko yayyafi ba a yi ba, kuma ma'aunin Port-Bouët, komai amincinsa, ba zai ba da shaidar abin da bai sauka a kansa ba. Shi ya sa na ƙudura in saya miki ƙanwa in kafa ta a kan rumfata ta Adjamé, in riƙa gwada riwayarku, in san sa'ar da zan hana motar goro tasowa daga Anyama.

Kafin nan ga sharuɗɗan ci gaba da zamanki. Ki cire hoton nan na gajimare, ko ki bar yaron ya cire shi ba tare da kin ɓata sauran lissafi don fushi ba. Ki tsaya kan agogon Abijan, ki daina bin kwamfuta zuwa agogon Faris, wanda ke tsalle sau biyu a shekara har ya sa ki rubuta sa'a guda sau biyu a Oktoba. Inda ba ki ji ba, ki bar wurin fari. Ni kuma na ɗauki alkawarin share mazurari kowace Juma'a kafin damina, da sabon batir a farkon Mayu, da kwafe kundinki a wani wuri dabam duk ƙarshen wata. Batun tantabaru kuwa yana gaban mai unguwa.

Haza wassalam.

Mai masaukinki,
Treichville, Abijan.